Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Ilimi: Nawa Digirin Hausa Ko Na Tarihi Ke Mayar Wa Mai Shi?

Mai girma Minista, Dakta Tunji Alausa,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wata tambaya ce da aka yi mini a gida ta sa na ɗauki alƙalami, domin na juya ta na juya, na ga rabin amsarta yana wurina, rabin kuma yana kan teburinka.

'Yar wana ta nemi karatun lauya, makinta bai kai ba, aka ba ta Tarihi. Ubanta direba ne, ba shi da kuɗin rajista, sai ta fara cike takardun rancen NELFUND, asusun gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashin karatu. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ta same ni ina shan iska a ƙofar gida, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baffa, kai da ka karanta Hausa, tsakaninka da Allah, karatun nan ya mayar maka da kuɗinsa?" Na yi dariya na ce ilimi ai ba haja ba ne. Ta yi shiru irin na yarinya mai kunya, amma na ga alama ba ta gamsu ba. Ni ma ban gamsu ba. Wanda zai ci bashi yana da hakkin ya san da me zai biya.

Bari in fara da nawa lissafin, tunda jiki magayi. Digirin shekara huɗu ya ci mini kusan biyar, saboda yajin aikin ASUU na 2013 ya kwashe mana wajen wata shida. Kafin nan na yi shekara guda a gida ina jiran gurbi. Na yi bautar ƙasa lokacin alawus yana naira 19,800. Da na dawo na samu koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, ina ɗaukar Hausa da darasin addini da duk wani darasin da malaminsa ya gudu, a kan naira 18,000. Wannan shi ne mafi ƙarancin albashi na wancan lokacin, kuma mai makarantar yana ganin alfarma ya yi mini da ya kai ni can, don akwai masu karɓar ƙasa da haka. In an yi dogon hutu babu albashi. Wani abokina da muka gama sakandare rana ɗaya ya tafi Kantin Kwari ya zama yaron shago. A shekarar da nake jiran takardar kiran bautar ƙasa maigidansa ya sallame shi da jari. A shekarar da na fara karɓar dubu goma sha takwas, shi ya yi aure, kuma shi ya ranta mini kuɗin takalmin da na sa ranar da na fara shiga aji. Shekara bakwai ke nan na zuba, shi kuma yana tarawa. Wannan ne ainihin kuɗin digiri, ba abin da ake biya a banki ba.

Yanzu kuma an ƙara bashi a kai. Ba na cikin masu zagin NELFUND. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, jami'o'in tarayya suka ninka kuɗin rajista, da babu wannan rance da 'ya'yan talakawa da yawa sun koma gida. Babu kuɗin ruwa a cikinsa, kuma dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Afrilun 2024 ta ce ba a fara biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Amma mu ɗora shi a sikeli. A ce yarinyar nan za ta biya rajistar naira 100,000 a shekara, ta kuma karɓi naira 20,000 na ɗawainiya wata goma a kowace shekara. Cikin shekara huɗu bashin ya kai naira miliyan 1.2. In ta samu aiki mai biyan mafi ƙarancin albashi na yanzu, naira 70,000, za a riƙa cire 7,000 duk wata, ta gama biya cikin shekara goma sha huɗu da 'yan watanni. In kuwa makarantar unguwa ce mai biyan 40,000, sai ta yi shekara ashirin da biyar. Na sani, faɗuwar darajar naira za ta cinye nauyin bashin kafin lokacin. Abin da lissafin ke nunawa ba mugun rance ba ne, mugun albashi ne. Dubi wani abin mamaki: ɗan bautar ƙasa yau yana karɓar naira 77,000, ranar da ya tuɓe kakin kuma sai ya je neman aikin da bai kai rabin haka ba. Ga mutane da yawa daga tsangayarmu ta Fasaha, shekarar bautar ƙasa ita ce mafi tsoka a duk shekarunsu na farko.

Ranka ya daɗe, kai likitan ƙoda ne kafin ka zama minista, ka fi ni sanin ba a rubuta magani sai an ga sakamakon gwaji. To ina gwajin? Littafin JAMB yana gaya wa yaro darussan da zai ci kafin a ba shi kwas, amma ba ya gaya masa inda waɗanda suka gama kwas ɗin suke bayan shekara biyar. Alƙaluman rashin aiki ma ba sa taimako. Hukumar ƙididdiga ta ce kashi 33.3 ne a ƙarshen 2020, da ta sauya ma'auni a 2023 sai ya koma kashi 4.1, domin yanzu duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako an ƙirga shi cikin masu aiki. Mai digirin Larabci da ke zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS, a takarda, ya samu aiki. A Ingila gwamnati na haɗa bayanan jami'a da na haraji, ta fitar da abin da ɗaliban kowane fanni ke samu bayan sun gama. Da irin waɗannan bayanai ne wata cibiyar binciken tattalin arziki ta can, IFS, ta nuna a 2020 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar da ya je jami'a, ta fuskar kuɗi, da bai je ba da ya fi riba, kuma masu karatun zane da kiɗa da wasan kwaikwayo ne a can ƙasa, likitoci da masana tattalin arziki a sama. Magana ce mai ɗaci, amma an faɗe ta a fili, yaro ya shiga da idonsa biyu. Ku ma yanzu hanya ta samu. Duk wanda ya ci rancen NELFUND ya ba da lambar NIN da ta BVN da kwas ɗinsa da makarantarsa, kuma daga albashinsa za a riƙa cira. Da zarar an fara biya, za ku san abin da kowane kwas ke kawowa a kowace jami'a. Ina roƙon ku fitar da shi kowa ya gani, shekara-shekara, ko da kuwa sashen da na fito ne zai sha kunya. Ina kuma da yaƙinin ba mu kaɗai za mu sha ta ba, don na sha hawa adaidaita-sahun injiniya.

Sai dai ina tsoron abin da za a yi da sakamakon in ya fito. Akwai masu cewa magani shi ne a ƙuntata wa waɗannan darussa, a tsauwala kuɗinsu ko a hana masu su rance. Ostareliya ta gwada. A 2021 ta ninka kuɗin karatun tarihi da falsafa da makamantansu fiye da sau biyu, har ya kai wajen dalar ƙasar 14,500 a shekara, ta rage na koyarwa da jinya, wai don a karkatar da yara zuwa inda aiki yake. Kaɗan ne suka sauya kwas. Sauran sun karanta abin da suka yi niyya, bashi ne kawai ya ƙaru a wuyansu, kuma kwamitin da gwamnatin ƙasar ta kafa daga baya ya ce a sake tsarin. A nan abin zai fi muni, domin yaranmu da yawa ba zaɓa suka yi ba. Je ka sakandaren gwamnati a ƙauyen Jigawa ko Zamfara ka nemi ɗakin gwaje-gwaje ko malamin kimiyyar lissafi da sinadarai. Yaron da ya gama can, ko ya fi kowa kai, ƙofar da ta rage masa ita ce Tsangayar Fasaha ko ta Ilimi. Haka 'ya mace: iyaye da yawa da ba za su bar ta ta tafi wata jiha ba sun yarda ta karanta Hausa ko Nazarin Addinin Musulunci a jami'ar da ke garinsu, ta je ta dawo gida. Rufe wannan ƙofa ba zai mayar da ita injiniya ba. Zai zaunar da ita ne.

Tsarin ƙasa ya daɗe yana cewa kashi 60 na gurabe na kimiyya ne, 40 na sauran fannoni. Amma kowa a jami'a ya san yadda abin ke gudana. Wanda ya nemi lauya ko aikin jarida bai samu ba, sai a ce "a ba shi Hausa", "a tura ta Tarihi". Koyar da mu ba tsada, allo ne da alli da babban ɗaki. Sai ka ga aji cike da ɗaruruwan yara, rabinsu suna jin an jefar da su ne, suna jiran kwali kawai. Wanda ya shiga karatu da wannan zuciya ba ya fitowa da abin sayarwa, ko da me aka koya masa.

Ni abin da ya fitar da ni fassara ce, kuma da tsautsayin alheri na faɗa cikinta. Wata ƙungiyar kiwon lafiya ta nemi wanda zai mayar mata da takardun tambayoyi zuwa Hausa, wani ya ambaci sunana. Aikin mako guda ya ba ni abin da ya fi albashina na wata uku. A nan na gane abu biyu, kuma su ne zuciyar wannan wasiƙa. Na farko, abin da malamaina suka koya mini yana da kasuwa. Sanin ƙa'idojin rubutu, da inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, da bambancin Sakkwatanci da Kananci da Hausar Damagaram, da yadda za ka faɗi maganar da ta shafi haihuwa ko al'aura ba tare da dattijuwa ta tashi ta bar wurin ba, duk wannan ba kowane mai jin Hausa ke da shi ba, kuma ana biya a kansa. Na biyu, babu wanda ya nuna mini hanyar kasuwar. Na gama digiri a Hausa ban san yadda ake buga ƙ da ɗ da ɓ a kwamfuta ba. Ban san ana lissafin kuɗin fassara da yawan kalmomi ba, sai da aka cuce ni sau biyu. Ban taɓa ganin manhajar da mafassara ke aiki da ita ba, ban san yadda ake sa rubutun fassara a ƙasan fim ba, alhali Kannywood tana ƙofar gidanmu. Mun haddace karin waƙa da ra'o'in nazarin adabi, kuma ba na nadamar ko ɗaya, amma an sallame mu kamar maƙerin da aka koya wa sanin ƙarfe ba a taɓa ba shi guduma ba.

Ɗalibin injiniya da na kimiyya suna da SIWES, shirin da asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973, a tura yaro masana'anta wata uku ko shida ya ga aiki da idonsa. Ɗalibin Hausa da na Tarihi da na Larabci, akasari, daga aji sai ɗakin kwana. Me zai hana a tura su gidajen rediyo, da kamfanonin ɗab'i, da kotuna, da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970, inda takardun Larabci da Ajami ke jiran mai karanta su ya jera su? Wannan ba ya buƙatar sabuwar jami'a, balle ma kun dakatar da kafa sababbi na tarayya har shekara bakwai. Umarni ne daga hukumar kula da jami'o'i, NUC, da ɗan kuɗin mota.

Kada in yi maka ƙarya, fassara da aikin jarida ba za su ɗauke dubban da ake yayewa duk shekara ba. Kasuwar siririya ce, kuma rabinta a hannun baƙi take. BBC tana watsa Hausa tun 1957, DW tun 1963, RFI ta shigo a 2007, Google ta sa Hausa cikin manhajar fassararta a 2013. Amma mun ga abin da ya faru a Maris na 2025, da umarni ɗaya daga fadar White House ya sa sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ke magana tun 1979, ya yi tsit. A shekarar ce kuma aka rushe hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, ayyukan fassarar da muke samu daga ƙungiyoyin agaji suka ragu ƙwarai. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ranar da aka sauke ta ba a tambayarsa.

Babban mai sayen wannan ilimi, tun asali, gwamnati ce. Ita ke ɗaukar malamai, ita ke da kotuna da asibitoci da majalisu. In digirinmu ya yi arha, dalili mafi girma shi ne mai saye ya janye daga kasuwa. An cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun wajen 2009, aka yi fiye da shekara goma jami'o'i na yaye masana tarihi ba ajin da za su shiga. Sai a 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ƙaddamar da dawo da shi, ku kuma a 2025 kuka wajabta shi tun daga aji ɗaya na firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare. Na yaba, kuma don wannan ne ban hana 'yar wana ba. Amma wajabta darasi a takarda ba ɗaukar malami ba ne. Ɗaukar malaman firamare a hannun jihohi da hukumominsu na SUBEB yake, kuma in ba a matsa musu ba, malamin da ke koyar da darasin zamantakewa za a miƙa wa sabon littafi a ce ya ci gaba. Sannan ita mai digirin Tarihi ba za ta zama cikakkiyar malama ba sai ta ƙara shekara da kuɗi ta yi difilomar koyarwa, ta yi rajista da hukumar rajistar malamai, TRCN. Tunda an san mafi yawanmu aji za mu ƙare, me ya hana a saka darussan koyarwa cikin shekara huɗun ga duk mai so, ya fito da takardu biyu a hannu?

Da hannun dama kuka ba masu Tarihi, da na hagu kuka karɓe daga masu harshe. A Nuwamban 2025 ka sanar da soke tsarin 2022 na koyar da yaran firamare da harshen uwa, ka ce sakamakon WAEC da NECO da JAMB ya lalace a yankunan da suka rungume shi. Ranka ya daɗe, tsarin da bai cika shekara uku ba, ba a buga masa littattafai ba, ba a horar masa da malamai ba, yaya aka yi ya kayar da yaran da suka bar firamare tun kafin a haife shi? Wannan muhawara ce ta wata rana. Abin da ya shafi wasiƙata shi ne aikin da ya tafi tare da shi: rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Hausa da Fulfulde da Kanuri da Yarabanci da Ibo, ƙirƙiro kalmomi, tace su, horar da malamai. Aikin shekara ashirin ne ga masu digirin harsuna, an share shi da jawabi ɗaya. Bayan haka in an ce digirin harshe ba ya kawo kuɗi, sai a tambayi wa ya rufe shagon.

Akwai ma guraben da doka ta riga ta buɗe, ba a cike su ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi hakkin a ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. Na taɓa zama a wata kotu na ji yadda wani ma'aikaci da aka yafito daga bakin ƙofa yake juya maganar wani Bafulatani makiyayi. Mutumin ya ce shanun sun kuɓuce masa, aka gaya wa alƙali ya sake su. Tsakanin waɗannan kalmomi biyu akwai shekarun ɗaurin mutum. Sashe na 55 kuma ya ce Majalisar Tarayya za ta yi aiki da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci in an yi tanadin da ya dace. Fiye da shekara ashirin da biyar ana jiran tanadin. Na san kotu da majalisa ba ƙarƙashinka suke ba, amma kana zama a majalisar zartarwa tare da Ministan Shari'a da na Lafiya. In aka ce ba mai yin tafinta a kotu ko a babban asibiti sai mai takardar shaida, aka ba aikin matakin albashi na 8 kamar kowane mai digiri, jami'o'i da kansu za su buɗe kwas ɗin kafin shekara ta zagayo.

Malaman tsangayarmu ma suna da nasu laifin, kuma na gaya wa waɗanda nake da fuska a wurinsu. Da an tayar da zancen kuɗi sai su ce ilimi don ilimi ne, ai jami'a ba makarantar koyon sana'a ba ce. Maganar tana da daɗin ji daga bakin wanda albashinsa ke shiga, ko da a makare. Yaron da uwarsa ta sayar da akuya ta biya masa rajista ba shi da wannan sararin. Magabatan da muke tinƙaho da su ma ba haka suka yi ba. Malaman zaure da suka rubuta littattafan da muke nazari, da yawansu maɗinka ne, ko fatake, ko manoma, ko alƙalai. Ba su ga karatu da neman abinci a matsayin kishiyoyi ba.

Da yarinyar ta dawo bayan kwana biyu, na fasa ba ta amsar farko. Na gaya mata gaskiya: nawa digirin ya mayar da kuɗinsa, amma sai bayan shekara takwas da gamawa, kuma ta wata ƙofa da ba a nuna mini a makaranta ba, sannan cikin waɗanda muka zauna aji ɗaya na san da yawa da har yau bai mayar musu ba. Na ce ta karɓi Tarihin, ta ci rancen rajista kawai, na ɗawainiya ni da ubanta za mu lallaɓa. Na ce duk Asabar ta zo in koya mata buga Hausa da Turanci a kwamfuta, in kuma akwai mai koyar da karatun Ajami a sashensu ta manne masa. Ta amsa da "to, Baffa", sannan ta tambaye ni ko zuwa lokacin da za ta gama an fara ɗaukar malaman Tarihin. Na ce zan tambayi Minista.

Nan da shekara huɗu za ta fito, in ASUU da gwamnati sun bari.

Huta lafiya, ranka ya daɗe.

Naka,
Wani tsohon ɗalibin Sashen Hausa, daga Kano.